Littafin Gari a Bakin Gulbin Rima

Kawuna dillalin albasa ne a kasuwar 'Yankaba ta Kano, kuma mafi yawan kayansa daga fadamun gabashin Sakkwato suke fitowa. Duk shekara idan sanyi ya kama, albasar rani ta fara yin kai, yakan tafi da ƙafarsa ya ga kaya a gona kafin ya zuba kuɗi. 'Ya'yansa sun daɗe suna roƙonsa ya daina, ya yi cinikinsa ta waya kamar yadda sauran dillalai suka koma yi tun da 'yan bindiga suka addabi hanya. Ya ƙi. Ya ce mutanen da suka ɗora masa kaya bashi lokacin da ba shi da ko anini, ba zai guje su yau ba don masifa ta same su. Da gwiwa ta fara damunsa, sai aka ce in raka shi, in riƙe jaka in riƙe lissafi.

Ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara muka bi, muka kwana a birnin Sakkwato. Da safe Kawu ya ce sai mun leƙa Hubbaren Shehu mun yi addu'a, daga nan muka wuce tasha. Mota ta cika tun da hantsi amma direba bai tayar ba. Yana jingine da ƙofa yana ta kiran waya. Ya kira wani a Achida, ya kira wani a Goronyo, sannan ya jira motar farko da ta taso daga can ta iso, ya ja direbanta gefe suka yi ƙus-ƙus. Babu fasinjan da ya ɗaga murya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga ina duba agogo, ta ce, "Bari shi tambaya, ɗana. Mai tambaya shi ka kwana gida."

Direbobin wannan layi suna da tsarinsu da ba a rubuce yake a ko'ina ba. Sun san lokacin da ba a tashi, sun san wanda za a kira a kowace mararraba, kuma a kowane lodi akwai ɗan abin da ake ajiyewa domin ranar da aka tare ɗan'uwa ko aka lalata masa mota. Tun da aka ƙone mota da fasinjojinta a yankin Sabon Birni cikin Disambar 2021, babu direban da ke ɗaukar labarin hanya da wasa.

Bayan Achida ƙasa takan buɗe. Tudu ja ne, busasshe, da harawa a ɗaure a kan rassan itatuwa, amma duk inda hanya ta gangara sai ka hango fadama kore shar har iyakar ganinka. Muka sauka a Wurno, domin Kawu yana da masu tafarnuwa a can. Garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Nan ya kafa ribaɗi ya zauna, nan ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan ana ziyarta. Ribaɗi gari ne da ake kafawa a bakin iyaka domin jama'a su yi noma da sana'a da karatu, su kuma tsare kansu da na bayansu. Ina tafe cikin lungunan garin ina tunanin cewa mutanen wannan yanki sun sake komawa zaman bakin daga, amma a wannan karon shugabanninsu suna can nesa, sai a rediyo suke jin muryarsu.

A fadamar da muka shiga mun tarar ana gayya. Magudanar da ke kai ruwa gonaki ta cushe da laka da ciyawa, maza sun jeru a cikinta, wanduna a naɗe har gwiwa, wasu da shebur wasu da fartanya, samari suna kwasar laka a kwanduna suna ɗorawa a gefe. Sanyin safiya ne mai shiga ƙashi, ƙafafunsu sun yi fari fat da faso. Wani dattijo yana tsaye a kan jinga da guntun kara a hannunsa, yana auna wa kowane rukuni rabonsa, yana kiran sunan wanda bai zo ba. Wanda bai zo ba kuma bai aiko ɗa ko ƙane ba, akwai tara a kansa, kuma ranar ruwansa za ta koma baya. Na tambaye shi ko wata hukuma ce ta sa su. Ya ce, "In munka jira, albasa ta mutu kahin takarda ta dawo."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke rabon ruwan. Mai gona a bakin magudana zai iya shanye komai ya bar na ƙarshe da ƙura, kuma kowa ya san rigimar da hakan ke haifarwa tsakanin maƙwabta. Su sai suka juya layi: wannan mako a fara daga ƙarshe, mako mai zuwa a fara daga baki. Waɗanda ruwan magudana ba ya kai musu kuwa, da injin ban-ruwa suke dogara, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ya zama abin kuka. Wasu sun mayar da nasu zuwa tukunyar gas. Wasu sun haɗa kuɗi, mutum biyar ko shida, sun sayi famfo mai aiki da hasken rana, suna ɗaukarsa a amalanke daga wannan gona zuwa waccan bisa jerin da suka amince.

Inda muka fi daɗewa wani ƙauye ne a ƙasar Goronyo, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda abin da zan ba da labari a gaba. Mai masaukinmu tsohon abokin cinikin Kawu ne. Suka rungume juna, suka yi ta lissafa waɗanda suka rasu tun haɗuwarsu ta ƙarshe, aka kawo mana fura mai sanyi a ƙwarya. Bayan la'asar, da ya ga ina yawan tambaya, sai ya aika aka kira sakataren ƙungiyar gari, wani malamin firamare siriri mai farin gilashi, wanda kowa ke kira Malam Sakatare. Ya zo da littafi naɗe cikin leda.

Littafin irin na 'yan kasuwa ne, mai baƙin bango, gefensa ya yi laushi don yawan buɗewa. Wasu shafuka da boko, wasu da ajami, domin ma'ajin farko almajiri ne. Shafin farko jerin gidajen garin ne kaf, kowane maigida da yawan bakin da yake ciyarwa. Sauran shafukan kuwa tarihin garin ne da lambobi: wanda ya ba da kwano nawa na gero, wanda ya ba da buhunan wofi, wanda ya ba da aron jakinsa, wanda aka yafe masa saboda rashin lafiya. Malam Sakatare ya ce wannan ba shi ne littafi na farko ba. Na farkon ruwa ya ci shi a 2010.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san wannan shekara. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, tana iya riƙe ruwa har kubik mita miliyan 942, kuma da ita ake noman rani, da ita birnin Sakkwato ke shan ruwa. A watan Satumbar 2010 sama ta yi ta zuba, madatsa ta cika maƙil, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya bi kwarin Rima ya share garuruwa da gonaki. Ƙauyen Kagara ya tashi, har hanyar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Mu a Kano hotuna muka gani. Su kuwa cikin dare ya same su.

Mai masaukinmu ya nuna mini wata tsohuwar tsamiya a bakin gari, ya ɗaga hannu sama da kansa ya dafa inda ruwa ya tsaya. Ya ce waɗanda suka fitar da mutane a wannan dare masunta ne, da jiragensu na katako. Sarkin ruwa ya raba su unguwa-unguwa, ya ce a fara da masu jego da tsofaffi da ƙananan yara, kada a ɗauki buhu ko akuya sai an gama da rai. Suka yi ta kai da komowa zuwa tudu har gari ya waye. Mutanen ƙauyen tudu suka buɗe makarantar allo da zaurukansu, matansu suka ɗora tukwane. Agajin waje ya zo, ya ce, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo, amma ya zo ne bayan an riga an san wanda ya rayu da wanda ya tafi.

Daga wannan bala'i ƙungiyar ta sake sabon shiri. Abu na farko da suka yi shi ne jinga a gefen da ruwa ke shigowa, ta ƙasa da buhunan yashi, kuma duk shekara kafin damina ta yi nisa sai an yi gayyar gyara ta. Na biyu, suna da mutanensu a garuruwan da ke sama da su kusa da madatsa, waɗanda ke kiran waya da zarar sun ga ruwa ya fara hawa ko sun ji za a saki. Da kira ya shigo, ladan zai hau lasifikar masallaci, kowa kuma ya san inda zai nufa da wanda zai ɗauka. Da ambaliya ta sake zuwa a 2020 sun yi asarar shinkafa mai yawa da gidaje na gefen gulbi, amma Malam Sakatare ya buɗe shafin wannan shekara ya nuna mini, ba sunan mamaci ko ɗaya. Gulbin nan ba ya zama wuri guda. A 2018 ruwan madatsar ja da baya ya yi har ya koma kusan kashi goma cikin ɗari, masu noman rani suka shiga wani irin tashin hankalin daban.

Abu na uku shi ne rumbun gari, kuma a nan na ga hikimar da ta fi komai kama mini hankali. Da kaka, kowane gida yana zuba abin da aka yanka masa gwargwadon ƙarfinsa, gero ko dawa. Wannan daban yake da zakka. Ita zakkar hatsi, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban-ruwa, liman da kwamitin zakka na ƙasar uban ƙasa ke kula da ita, kamar yadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ta tsara, kuma tana da masu haƙƙinta. Rumbun gari kuwa ba a taɓa shi sai tsakiyar damina, lokacin da rumbunan gidaje suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, talaka ya fara barin gonarsa yana zuwa ƙodago a gonar wani don ya samu na tuwo. A lokacin ake ba da rance, a biya da kaka. Ƙofar ɗakin ajiyar tana da kwaɗo uku: mabuɗi ɗaya wurin liman, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin wata dattijuwa da mata suka zaɓa. Ba a buɗewa sai ukun sun hallara, kuma a gaban mutane. Na tambayi dalili. Malam Sakatare ya ce, "Malam, mutum na. Ko ni ka ba mabuɗi ni ɗai, yunwa ta kama ɗiyana, ban san abin da ni ka yi ba."

Ita dattijuwar mai mabuɗi na uku, Inna kowa ke ce mata, a zaure muka gaisa, tana zaune a bakin ƙofar ciki da carbi a hannu. Ita ce uwar adashin matan unguwarsu. Adashin ya wuce na kayan ɗaki da biki. Cikin kowane zubi ana cire wani abu a jefa a wata gwangwani daban, kuɗin da ba na kowa ba ne sai mace mai naƙuda da ta gagara a gida. Da shi ake zuba wa mai babur ko mai mota mai, ko da tsakar dare ne, ba sai an tsaya neman maigida ya je rance ba. Ta ce a da, kafin a haɗa kuɗin mota, jini ya gama da mace.

Ta tuna lokacin da gwamnatin jihar ta fara rabon ƙwayoyin tsayar da jini bayan haihuwa da maganin shafa wa cibiyar jariri a 2013, ta hannun kwamitocin raya mazaɓu da mutanen gari da aka ba ajiyar maganin. Jihar tana da mazaɓu 244, kuma a ganina abin da ya sa shirin ya shiga gidaje shi ne an bi ta hannun irin su Inna, waɗanda in sun ce a sha za a sha. Yanzu aikin da ya fi cin lokacinta tamowa ce. Ta sa jikarta ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi uku, ta kira wani yaro da ke wasa a ƙofar gida, ta naɗa masa a dantse. Ya tsaya a kore. Ta ce in ya shiga ruwan ɗorawa, sai a fara kunun gero da waken suya da gyaɗa da suke soyawa su niƙa tare. In ya shiga ja, wato ƙasa da santimita 11.5, babu jira, sai asibiti. Yawancin yaran da ke shiga ja, in ji ta, 'ya'yan baƙi ne.

Baƙin nan su ne 'yan gudun hijira. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 mutanen gabashin Sakkwato ke ta tashi daga garuruwansu. Wasu suna Gandi, wasu sun shiga birni, dubbai sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar. Amma masu yawa ba sa zuwa wani sansani da za a ƙirga su. Gari na gaba suke shiga, inda suke da dangi ko suruki ko abokin kasuwa. A gidan da muka sauka akwai iyali biyu daga wajen Sabon Birni, an raba musu ɗakunan samari, samarin sun koma kwana a zaure. A littafin gari an buɗe musu shafi: gidan da ya karɓi mutum nawa, wanda ya ba da aron gona, wanda ya ba da tabarma da tukunya. Gidan da ya karɓi baƙi ana rage masa abin da zai zuba a rumbu. Ban ji wanda ya kira wannan da wani babban suna ba. Mai masaukinmu cewa ya yi, gobe ba a san wanda zai ɗauki tabarmarsa ba.

Da dare ya yi, bayan isha'i, Malam Sakatare ya dawo shi kaɗai. Ya buɗe littafin ta baya, ya haska da fitilar waya. Jerin gidajen nan ne dai, sunaye iri ɗaya, amma babu kan magana a saman shafin. Kuɗin da aka tara aka kai wa 'yan bindiga a daji ne. An aiko musu cewa in suna son su girbe abin da suka shuka a gonakin tudu, ga abin da za su biya, ga ranar. Suka zauna, suka yi ta jayayya, wasu suka ce haramun ne a ciyar da azzalumi, wasu suka ce to a nuna musu wanda zai tsaya musu in sun ƙi. A ƙarshe aka bi jerin da ake bi wajen gyaran jinga, mai ƙarfi ya ba da da yawa, gwauruwa aka tsallake ta. Kuɗin da suka shekara suna tarawa don ƙara aji biyu a makarantar gari, shi aka fara kwashewa.

Na daɗe ina kallon wannan shafi. Amanar da ta sa mutane suka yarda su zuba hatsinsu a rumbu ɗaya, ita ce ta sa tara kuɗin ya zo da sauƙi, kuma waɗanda ke daji sun san haka sarai. Gari mai haɗin kai ya fi saurin biya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da mutanen garin nake ba. Duk mai zama a birni yana cewa me ya sa suke biya, ya zo ya kwana a nan dare ɗaya da 'ya'yansa mata. Sun ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo ranar 17 ga Oktoban 2021, inda aka kashe mutum 43 a ranar cin kasuwa, a daidai lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ba mai iya kiran kowa. Sun ga yadda Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024 bayan ya yi roƙo duniya tana kallo. In basarake mai rawani ya ƙare haka, manomin albasa da wa zai dogara?

A kan maganar tsaro ne kuma na ga iyakar taimakon kai da kai. Gayya tana yashe magudana, tana ɗaga jinga, tana ciyar da baƙo. Amma da aka ɗauki wannan hanya aka ce kowane gari ya tsare kansa da bindiga, abin da ya biyo baya kowa ya sani. 'Yan sa-kai sun fara ne da sunan kare gari, sai aka wayi gari ana kashe mutum don kamanninsa, kamar yadda aka yi wa Fulani har da limami a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a 2021, ramuwa kuma ta faɗa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Gwamnatin jihar ta haramta ƙungiyar a wannan shekarar, daga baya a 2024 aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a ƙarƙashin doka. A garin da muka sauka samari suna sintiri da dare, amma dattawa sun kafa musu sharaɗi: aikinsu gani da sanarwa, ba kama mutum ba, ba hukunci ba.

Washegari da aka zauna taron kwamiti a gindin tsamiya, na ga wani dattijon Bafulatani a cikinsu, da sandarsa a kan cinya. Ardon rugar da ke yamma da gari ne. Shi ma an kore masa shanu, ɗansa ma an taɓa ɗauka. Da hankula suka tashi a shekarun baya, wasu samari sun so a kore su, hakimi da liman suka tsaya suka ce kakanninsu tare suka sha gulbin nan. Maganar ranar ita ce burtali: masu albasa sun matse hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Aka yi ta musu, murya ta hau ta sauka, a ƙarshe aka tashi mutum huɗu, biyu daga kowane ɓangare, su je su kafa turaku. Ƙaramar magana ce, amma irinta ce ake bari ta ruɓe har ta zama jini.

Ayyukan waje ma sun shigo garin, kuma sawunsu iri biyu ne. Akwai famfon da wani ɗan siyasa ya sa aka haƙa gab da zaɓe, ba a tambayi kowa inda ya dace ba, ba a damƙa shi hannun kowa ba. Yana nan a tsaye, tankinsa ya tsage, awaki na kwana a inuwarsa. Akwai kuma wanda aka yi ta hanyar ƙungiya, irin tsarin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya saba da shi, inda sai jama'a sun haɗu sun zaɓi abin da suke so sun kuma zuba nasu kason. Wannan yana da mai tsaro, yana da ɗan kuɗin jarka da ake karɓa, yana da shafinsa a littafi. Ya lalace ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin an gyara. Sai dai ina jin tsoron yadda masu mulki ke jin daɗin irin wannan labari. Yabon haƙurin talaka ba ya cin kuɗi. Mutanen nan suna da ƙarfi da tsari da amana, abin da ba su da shi siminti ne da rodi da likita da jami'in tsaro da zai zo in an kira, kuma waɗannan ba a tara su da kwanon gero.

Na ƙara ganin haka a mashigi, ranar da muka tsallaka gulbi zuwa gonakin ƙetare. Jirgin katako ne, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, wani yaro yana kwarfewa da gwangwani. Tun da jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife a watan Agustan 2025, sarkin ruwan wannan mashigi ya sa doka: ya shafa fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa layin ba a ƙara ko kaza, kuma ba a haɗa babura da mata masu goyo a lodi ɗaya. Na ga ya sauke wani mai buhuna biyu da ya riga ya zauna, mutumin yana ta faɗa, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Rigunan ruwa 'yan kaɗan ne, yara ake sa wa. Ya nuna mini inda ya kamata gada ta bi, ya ce tun yana saurayi ake zuwa ana aunawa.

Kawu ya gama cinikinsa, aka fara ɗura albasa a buhuna, wadda ba a sayar ba aka kai rudu don ta jira farashi. Da za mu tafi Malam Sakatare ya ba ni wata 'yar takarda da sunan wani ƙarfe na famfon gari da ya fara ba da matsala, ya ce in duba masa kuɗinsa a kasuwar Sabon Gari, don a birnin Sakkwato an faɗa musu farashin da ya fi ƙarfinsu. Na duba, na kira shi na faɗa masa. Ya ce in dakata sai kwamiti ya zauna. Bayan sun zauna ya turo kuɗin ta hannun mai POS na Goronyo, na saya na ba direban da zai koma ɗauko sauran kaya. Kafin motar ta tashi ya sake kira, ya ce in tabbata rasit yana cikin kwalin, da hatimin shago da kwanan wata, domin ranar Juma'a bayan an sauko za a karanta shi a ƙofar masallaci kafin a manna a littafi.